Gwiwa Ba Ta Son Gaggawa: Ciwon Ƙafa a Wurin Masu Gudu a Samaru da Sabon Gari

Masu gudun asuba a kan hanyar Sakkwato, daga Kwangila zuwa Palladan har ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ba abu ɗaya ne ya fito da su ba. Akwai samarin da suka cike takardar shiga soja ko ɗan sanda suna jiran ranar tantancewa, ga kuma Defo can a Sabon Gari, inda ake horar da kurata tun 1924, tana tuna musu abin da ke gabansu. Akwai ma'aikaci mai shekara arba'in da ɗoriya wanda likita ya ce masa sukari ya hau ko jini ya hau, sai ya riƙa motsa jiki. Akwai ɗalibai maza da mata, waɗanda suka fi sakewa a cikin harabar jami'a, da 'yan ƙwallon unguwa da koci ya ce su ƙaro numfashi. Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, aka kuma yi na Kaduna a Nuwamban 2020, an sami wasu 'yan tsiraru da ke gudun don sha'awa kawai. Bayan wata ɗaya ko biyu da yawansu sukan haɗu a wuri guda, wato gaban kantar mai kyamis, wannan ya dafa gwiwa, wancan yana murza ƙwauri.

Da zarar mutum ya fara ɗingishi, hukunci ya riga ya fito daga majalisa: "Ai dama mun gaya maka, gudu cinye gwiwa yake yi, za ka gani in ka tsufa." Maganar tana da daɗin faɗi, amma alƙaluma ba su goyi bayanta ba. A 2017 wata mujallar masana gashin ƙashi da wasanni ta Amurka ta buga nazarin da ya tattara bincike-bincike a kan mutum fiye da 100,000, don a ga su wa suka fi kamuwa da amosanin gwiwa da na kwatangwalo. A cikin masu gudu don lafiya an sami kashi 3.5 cikin 100. A cikin waɗanda ba sa gudu, kashi 10.2. Sai ƙwararrun da suka yi shekaru suna gasa a babban mataki, su ne suka kai 13.3. Dole a yi wa wannan lissafi ragi, domin mai gwiwar da ta fara lalacewa yakan bar gudun da kansa, sai a ƙidaya shi cikin mazauna. Duk da haka babu yadda za a juya alƙaluman su ce sassarfar kilomita biyar sau uku a mako tana cinye guringuntsin lafiyayyen mutum.

To in haka ne, me ya sa gwiwar take ciwo? Domin kuwa tana yi. Wani asibitin 'yan wasa a birnin Vancouver na Kanada ya bi bayanan raunuka 2,002 na masu gudu, ya wallafa sakamakon a shekarar 2002, kuma kusan kashi 42 cikin 100 na raunukan a gwiwa suke. Ƙafa da idon sawu da ƙwauri suka biyo baya.

Amsar tana cikin lissafin nauyi da lokaci. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafar da ta sauka tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 yana sauke wa ƙafa ɗaya abin da ya kai kilo 140 zuwa 210, kuma a kilomita guda mai sassarfa yakan yi taku wajen 1,000. Jiki yana iya wannan, har ma yana ƙaruwa da shi, amma sassansa ba sa sabawa tare. Zuciya da huhu su ne masu saurin koyo: cikin mako uku ko huɗu wanda da yake haki kafin ya bar layinsu zai ji numfashi ya zauna. Tsoka tana biye da su. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kansa ƙashin, su sai an yi watanni. Ƙashi ma nasa da ban mamaki, don in aka ɗora masa sabon aiki jiki yakan fara da kwashe tsohon da ya gaji kafin ya cike gurbin da sabo, saboda haka akwai makonnin da ya fi rauni a kan yadda yake kafin a fara. A daidai wannan lokacin ne mai gudu yake jin ƙirjinsa wasai, ya ce bari ya ƙara nisa. Duk wanda ya ga ginin ƙasa a cikin birnin Zazzau ya san magini ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. In ya biye wa mai gida da ke son shiga kafin damina, katangar za ta tashi da wuri, amma ita ce za ta tsage.

Wannan, a ganina, shi ne asalin mafi yawan ciwon da ake kukansa a Samaru da Sabon Gari. Kusan kowa da wa'adi ya fito. Saurayi ya ga sanarwar ɗaukar kurata, saura mako shida, sai ya tashi daga zaman shago zuwa gudu kullum safe da yamma, ya haɗa da tsallen kwaɗo don an ce masa haka ake yi a Defo. Magidanci ya tsorata da takardar gwajin jini, yana son ya sauke tumbin shekara goma kafin ranar komawa asibiti. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Akan ce kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan gudu a mako. Ba doka ba ce daga sama. Masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan sun gwada ta a kan sababbin masu gudu, suka wallafa a 2008, kuma waɗanda suka bi ƙa'idar da waɗanda ba su bi ba kusan daidai suka ji rauni, mutum ɗaya cikin biyar a kowane ɓangare. Abin da ya fi tabbata shi ne babban tsalle ne ke ja: wanda ya saba da kilomita uku ya wayi gari ya yi goma, ko ya ƙara nisa da sauri da hawan tudu duk a mako guda.

Wurin da ciwon ya tsaya yana faɗin abubuwa da yawa, don haka kafin komai sai a tambayi mai ciwo ya nuna. In ya kife tafin hannunsa a kan ƙoƙon gwiwa ya ce "nan dai, ciki-ciki", to galibi wanda ya fi kowanne yawa ne, ciwon da ke tasowa inda ƙoƙon gwiwa ke zamewa a kan ƙashin cinya. Alamarsa ita ce ya fi tsanani in gwiwa ta lanƙwashe da nauyi a kanta. A ƙasashen da aka fi yin rubutu a kansa, misalin da ake bayarwa saukowa daga bene ne da dogon zama a kujera. Mu a nan gwiwa ta fi haka aiki. Akwai tsuguno a bayan gida, akwai zaman tabarma a harɗe, akwai tasowa daga sujada da zaman tahiya sau da yawa a kowace rana. Shi ya sa mutum zai ce ya huta da gudu mako biyu amma gwiwa ba ta lafa ba, bai lissafa cewa ba ta huta da lanƙwasa ba. Malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mara lafiya a salla, kuma babu abin kunya ga saurayi ya yi amfani da shi na ɗan lokaci, ko da tsofaffin sahun gaba za su juyo su dube shi. Ita kuwa ƙarar ƙas-ƙas da gwiwa ke yi in an tashi, muddin babu zafi babu kumburi, ba komai ba ce.

In kuma da yatsa ɗaya ya nuna gefen gwiwa ta waje, ya ce lafiya lau yake farawa, sai an yi nisa kaɗan abin ya soke shi, har ya tilasta masa tsayawa, to wannan shimfiɗaɗɗiyar jijiyar nan ce da ta taso daga kwatangwalo ta bi gefen cinya ta sauka ƙasan gwiwa. Gangara ce babbar abokiyar gabarta. Masu zuwa hawan dutsen Kufena ranar hutu sukan ɗauka hawan ne wahala, alhali saukowar ce ke cin gwiwa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar kuma, mai ƙwallo ba dare ba rana, wanda wani ƙullutu mai zafi ya fito masa a ƙasan ƙoƙon gwiwa, nasa na girma ne. Likitoci biyu, Osgood da Schlatter, suka bayyana shi a 1903, kuma yakan tafi da kansa in ƙashi ya gama tsawo. Rage wasa yake so, ba tsaga ba.

Ƙwauri shi ne inda ya kamata a tsaya a natsu, musamman a garin da ke da Defo da barikin Basawa da Makarantar Soja ta yara. Ciwon ƙwauri iri biyu ne, kuma a farko suna kama. Na ɗaya yana bin gefen ƙashin ta ciki, tsawon yatsu huɗu ko fiye, yakan yi zafi a farkon gudu, ya ɗan lafa in jiki ya ɗumama, ya dawo bayan an gama. Wannan gargaɗi ne. Na biyu wuri ɗaya ne tak, ana iya rufe shi da kan yatsa, ba ya lafawa da ɗumi sai ma ƙaruwa, in mutum ya yi tsalle da ƙafar ɗaya sai ya ji shi har ka, daga baya ya fara damunsa a tafiya ko cikin dare. Wannan tsagewar ƙashi ce, ba ta faɗuwa ko bugu ba, ta tarin gajiya. Tsohuwar cutar soja ce: wani likitan rundunar Prusiya mai suna Breithaupt ne ya fara rubutu a kanta a 1855, bayan ya ga ƙafafun sojoji suna kumbura daga doguwar tafiya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a mako biyu ko ukun farko. Sai saurayi ya fito da hoto a hannu yana murna an ce babu karaya, ya koma titi. Na'urar MRI tana gani da wuri, amma kuɗinta ba na kowa ba ne. Inda babu halin yi, likita mai lura yakan yi aiki da alamun, ya ce a ɗauke ta a matsayin tsagewa, a bar gudu mako shida zuwa takwas. In a gaban ƙwauri ne tsakiya, ko a matsematsi kusa da wuyan ƙashin cinya, ko a saman ƙafa kusa da idon sawu, to waɗannan wurare ne masu wuyar haɗewa, kuma suna iya kaiwa ga tiyata.

Ga saurayin da tantancewa ta rage masa mako uku, wannan magana ce mai ɗaci, kuma na san abin da abokai za su ce masa: ya daure, ya sha magani ranar, in ya shiga shi ke nan. Sai dai shiga ba ita ce ƙarshe ba. Bayanta akwai horon wata shida, da but a ƙafa da kaya a baya. Ƙashin da ya tsage bai san an ci jarrabawa ba. Ana sake buɗe ɗauka, amma ƙwaurin da ya ɓalle gida biyu yana iya rufe ƙofar gaba ɗaya.

Can ƙasa kuma akwai agara da dunduniya. Duka biyun da safe suke gaisuwa: takun farko daga shimfiɗa zuwa alwala kamar ba za a iya ba, sai an ɗan zagaya su saki. A nan akwai abin da ya shafe mu ƙwarai wanda ba a cika faɗa ba. Maganin nan siprofloksasin, wanda aka fi sani da sipro, da ake sha barkatai da sunan taifot, yana cikin jinsin magungunan da ke raunana jijiya, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi mafi girma a kan kwalinsu a 2008 saboda tsinkewar agara. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura sittin da wanda ke shan sa tare da irin su deksametazon. Wanda ke kan wannan magani, ko bai daɗe da gamawa ba, ya ji agara ta fara ciwo, ya ajiye gudu ya koma wurin wanda ya rubuta masa.

Yanzu sai abin da mutane ke yi in ciwon ya zo. Matakin farko kusan kullum kyamis ne: "Don Allah a haɗa min na ciwon jiki." Sai a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda babu suna. A ciki akan sami diklofenak da ibuprofen ko piroksikam, waɗanda duk dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara waraka sai dai ya ninka ɓarnar da suke yi wa ciki da ƙoda. Wani lokaci har da deksametazon, wani lokaci tramadol. Mutum ya sha, ya fita gudu a zafin Maris ko Afrilu, gumi ya tafi da ruwan jikinsa, ƙoda tana aiki da ƙyar, ga maganin da ke rage mata jini. Mai hawan jini ko ciwon sukari, wanda dama don su ya fara gudun, shi ya fi kowa shiga haɗari. Ko an bar maganar ƙoda, ƙwayar ta kashe abu ɗaya tilo da ke gaya wa mai gudu ya isa haka. Shan maganin zafi na kwana biyu ko uku don a sami barci, bisa shawarar ma'aikacin lafiya, wani abu ne daban. Shan sa don a iya fita gudu shi ne abin gudu.

Daga kyamis sai mai ɗori ko wanzami. Ba na cikin masu raina su, don mutanenmu sun daɗe da su, kuma kusancinsu da sauƙin kuɗinsu ba abin wasa ba ne. Amma a ciwon gudu babu abin da ya goce balle a mayar, babu mataccen jini da ƙaho zai zuƙe. Murza mai ƙarfi a kan tsagaggen ƙwauri ƙari ne a kan ciwo, tsaga a kan gaɓa kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Man zafi da man kaɗanya da gashi da ruwan ɗumi ba su da laifi, suna sa a ji daɗi, kawai dai kada a ɗauka sun ƙara wa jijiya ƙarfi. Haka ƙanƙara. Likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa ƙa'idar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta waraka. A ɗora ta minti goma don zafi ya lafa, in akwai wutar da za ta daskarar da ita, amma ba ita ce maganin ba.

Maganin, in ban da tsagewar ƙashi, yana tsakanin hutu da taurin kai, kuma wurin ne ya fi wuyar zama. Wanda ya kwanta wata guda cur zai ji zafi ya tafi, amma tsoka ta zube, jijiya ta ƙara laushi, ranar da ya koma titi da tsohon nisansa ciwon na nan yana jiran sa. Abin da likitocin gashi ke koyarwa shi ne a rage nauyi zuwa inda gaɓar za ta iya ɗauka, a tsaya nan, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ma'aunin da suke bayarwa mai sauƙi ne. Ka auna zafin daga sifili zuwa goma. In bai wuce biyu ko uku ba lokacin gudu, bai sa ka ɗingishi ba, kuma washegari da safe ya koma yadda yake, to an yi daidai. In ya kwana ya tashi da ƙari, jiya an zarce. Masu bincike a Jami'ar Laval ta Kanada sun gwada wannan a kan masu gudu 69 da ke fama da ciwon ƙoƙon gwiwa, suka wallafa a 2018. Sun raba su uku: wasu an koya musu sarrafa nauyin gudu kawai, wasu an ƙara musu atisayen ƙarfi, wasu an gyara musu taku. Dukkansu sun sami sauƙi, kuma kusan daidai da juna. Wato ilimin rage-da-ƙara shi ne ginshiƙin, sauran taimako ne.

Taimakon kuwa yana da amfani, musamman ga wanda shekarunsa na zaman ofis ko shago suka cinye masa cinya da ɗuwawu. Gwiwa tana tsakanin kwatangwalo da idon sawu, kuma in tsokar da ke riƙe ƙugu ta yi rauni, sai ta riƙa faɗawa ciki a kowane taku. Ba a buƙatar gidan motsa jiki. Dakalin ƙofar gida ya isa: a hau da ƙafa ɗaya, a sauko a hankali, ana kallon gwiwa kada ta karkata ciki. A jingina baya da bango a sauka rabin zama a riƙe daƙiƙa talatin. A kwanta rigingine a ɗaga ƙugu sama. A kwanta a gefe a ɗaga ƙafar sama a miƙe. In sun yi sauƙi a goya jaka da littattafai ko a rungumi jarkar ruwa. Sau uku a mako, kuma sai an ba shi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a yanke masa hukunci. Ita agara tata hanyar sananniya ce tun 1998, lokacin da likitan Suwidin Håkan Alfredson ya wallafa gwajin da ya yi da mutum 15: a tsaya a bakin matakala a kan yatsu, a yi ɗage da lafiyayyar ƙafar, a sauke dunduniyar mai ciwon ita kaɗai a hankali har ta wuce bakin matakalar. Tsarinsa sau 180 ne a rana har mako 12, kuma duka 15 ɗin sun koma gudu. Daga baya an ga ba dole sai an kai wannan adadi ba, amma watanni ukun ba su ragu ba.

Wata dabara mai arha ita ce gajarta taku. Sabon mai gudu yakan wurga ƙafa can gaba yana ganin shi ne gwaninta, sai dunduniya ta caki ƙasa gwiwa a miƙe. Binciken da aka yi a Jami'ar Wisconsin a 2011 ya nuna ƙara yawan taku a minti da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da ke sauka a gwiwa sosai. Miƙe jijiyoyi kafin gudu kuwa, wanda kowa ke yi a bakin titi da ƙafa a kan lambatu, an gwada shi a kan kuratan Ostireliya fiye da 1,500 a wani bincike na shekarar 2000, ba a ga ya rage rauni ba. Tafiya da sauri ta minti biyar zuwa goma ta fi shi shirya jiki, balle da sanyin hunturu.

Takalmi ana ba shi girman da ya wuce nasa. Rundunonin Amurka sun raba wa dubban kurata takalma bisa siffar tafin ƙafarsu, mai lebur da nasa, mai rami da nasa, kuma raunin bai ragu ba. Abin da ake nema kawai ya zauna daidai, da ɗan fili a gaban babban yatsa, a kuma ji daɗinsa. Matsalarmu ta gwanjo ce. Kambas ɗin da aka wanke ya yi fes a kasuwar Sabon Gari mai yiwuwa ya riga ya ci kilomita 500 zuwa 800 da akan ce soson cikinsa na ɗauka. A ajiye shi a kan tebur a dube shi ta baya, in ya kishingiɗa gefe ɗaya a bar wa mai shi. Ƙasa ma haka: babu ƙwaƙƙwarar shaida cewa kwalta ita kaɗai ke jawo rauni, canjin ba-zata ne ke ja. Hanyoyin burji na wajen Bomo da ke da laushi da damina, da rani sun zama dutse. Sannan kwalta a karkace ake yin ta don ruwa ya gangara, wanda kullum gefe ɗaya yake bi ƙafarsa ɗaya tana ƙasa da ɗaya. Filin ƙwallo ko cikin jami'a ya fi, ko don tsira daga tireloli da 'yan acaɓa.

Ƙashi da abinci ake gyara shi. Ɗalibin da ke cin abinci sau ɗaya a rana yana gudu kullum, da budurwar da ta haɗa gudu da yunwa don ta rame har al'adarta ta ɗauke, su ne sahun gaba wajen tsagewar ƙashi. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna yaran da ƙafafunsu ke gwamewa a can ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne ya fi damun su, ba rashin rana ba. Abincinmu na hatsi ba shi da shi da yawa. Nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, zogale, wake, ƙwai, duk suna kasuwar Samaru. Da azumi kuma hankali ya ce a rage, a mayar da gudun bayan buɗa baki.

Akwai ciwon da ba na dakali da haƙuri ba ne, na asibiti ne a ranar. Gwiwar da ta kumbura ta yi ɗumi ga zazzaɓi. Wadda ta kulle ta ƙi miƙewa, ko take sulluɓewa mutum ya tafi ƙasa, musamman bayan an ji ɓas a filin ƙwallo. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi tauri, balle bayan doguwar tafiyar mota, don yana iya zama gudan jini. Fitsari da ya koma kalar shayi bayan horo mai tsanani. Dattijo mai sukari ko mai shan taba da sha-raɓarsa ke ƙullewa in ya yi tafiya, ta saki in ya tsaya, wannan maganar hanyar jini ce. Sai sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: tana iya kashe kan ƙashin cinya, kuma ciwon kwatangwalo sau da yawa a gwiwa ake jin sa, ga yaro ga babba. Ko mai AS, wanda kusan ɗaya cikin huɗu ne a cikinmu, ya kamata ya san matsayinsa kafin ya shiga horo mai tsanani cikin zafi da ƙishi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan wannan hanya ta Sakkwato gaba da Samaru kaɗan, yana da likitocin ƙashi da sashen gashi. Ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959.

Komawa titi bayan jinya tana da tsani. Sai mutum ya iya tafiyar minti talatin da sauri ba zafi, ya kuma iya tsalle goma da ƙafar mai ciwon. Daga nan minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, a maimaita, a tsallake rana. Gudun yana tsawo tafiyar tana gajarta, har su haɗe. Nisa ake fara maidowa, sannan sauri, tudu da gangara su zo ƙarshe. In ciwon ya motsa a hanya, kuma yakan motsa, mataki ɗaya ake komawa baya, ba farkon tsanin ba.

Ciwon ƙoƙon gwiwa dai ba kullum yake tafiya da kansa ba, kamar yadda aka daɗe ana zato. Wani nazari na 2013 da ya bi masu shi a Ostireliya da Holan ya tarar kashi 40 cikin 100 ba su gamsu da warakarsu ba bayan shekara guda, kuma waɗanda suka fi daɗewa da ciwon kafin su nemi magani su suka fi shan wuya. Saboda haka wanda ya yi mako shida yana rage gudu yana atisaye bai ga canji ba, lokacin zuwa Shika ya yi. Ya tafi da tsohon takalminsa, da sunayen duk ƙwayoyin da ya sha, da lissafin nisan da ya riƙa yi a watan da ciwon ya fara, don waɗannan ne likitan gashi zai fara tambaya kafin ya taɓa gwiwar.